Yadda Ake Gano Burbushin Bama-baman Nukiliya a Lakar Tafki da Ƙasar Gona a Kaduna

Idan ka kafa bututu a tsakiyar tsohon tafki ka zaro laka mai tsawon kamu biyu, abin da ka ɗauko tamkar adakar tsohuwa ne: zanen bana yana sama, na bara yana ƙarƙashinsa, na zamanin aurenta yana can ƙasa. Kowace damina ruwa yakan kwaso ƙasa daga gonaki da kwari ya shimfiɗa ta a gindin tafki, sabuwa a kan tsohuwa. Abin da ya rage shi ne babu wanda ya rubuta shekara a jikin kowace shimfiɗa. Guda ɗaya ce aka yi wa lamba, ita ma ba da niyya ba, wato shimfiɗar 1963, shekarar da ƙurar gwajin bama-baman nukiliya ta fi sauka a doron ƙasa. Wanda ya gano wannan shimfiɗa ya sami ma'aunin da zai gaya masa saurin cikewar tafki, da yawan ƙasar da zaizaya ta ɗebe wa gona cikin shekara sittin.

Na rubuta wannan jagora ne domin ɗalibai da malaman da ke nazarin ƙasa, ruwa da aikin gona a Kaduna da Zariya. Ina da dalilin da ya sa nake matsa wa mutane a kai: alamar nan tana dushewa, kuma a wajenmu tun asali ba ta da ƙarfi.

Daga ina ƙurar ta zo

Amurka ce ta fara tayar da bam ɗin nukiliya ranar 16 ga Yuli, 1945, a hamadar jihar Niyu Meziko. Daga nan har zuwa Oktoban 1980, lokacin da Sin ta yi nata na ƙarshe a fili, an tayar da bama-bamai fiye da 500 a sararin sama. Manyan cikinsu, irin wanda Amurka ta tayar a tsibirin Bikini ranar 1 ga Maris, 1954, da wanda Tarayyar Sobiyet ta tayar ranar 30 ga Oktoba, 1961, mai ƙarfin megatan 50, wato kwatankwacin tan miliyan 50 na nakiya, sun cilla ƙurarsu can ƙololuwar sama, inda gajimaren ruwa ba ya kaiwa. Ƙurar ta yi watanni, wata ma shekaru, tana zagaya duniya, tana saukowa kaɗan-kaɗan tare da ruwan sama. Gwajin ya fi tsanani a 1961 da 1962, shi ya sa saukar ƙurar ta kai ƙarshen yawanta a 1963. A watan Agusta na shekarar ne Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a Mosko kan yarjejeniyar daina gwaji a sama da cikin ruwa, daga nan abin ya riƙa ja da baya.

Mu ma muna da namu rabon tarihin kusa da gida. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, tsakiyar hunturu, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Raggan a hamadar Aljeriya, kusan kilomita 2,000 daga Kaduna. Ƙarfinsa ya kai kilotan 70, wato tan dubu 70 na nakiya, ya ninka na Hiroshima fiye da sau huɗu. Ta ƙara uku a fili kafin ƙarshen Afrilun 1961. Bayan na uku ne gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa ta yanke hulɗa da ƙasar a Janairun 1961, Najeriya tana da wata uku kacal da samun 'yanci. Wannan mataki ne da nake alfahari da shi har gobe.

A cikin ƙurar, abin da muke nema shi ne siziyom-137, wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya. Ba a samunsa a ƙasa da ma'aunin da za a iya gani kafin zamanin nukiliya, kuma idan ya sauka yakan manne wa ƙwayoyin yumɓu ya ƙi saki, sai dai ya tafi duk inda ƙasar ta tafi. Yana raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 30. Abin da ya sauka a 1963 ya koma rabi a 1993, ya koma kwata a 2023. Ga shi kuma mafi yawan ƙurar ta sauka ne a arewa, yankin Turai da Amurka da Rasha, mu da ke daraja 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya ƙalilan muka samu. Kwatan ƙalilan ke nan muke farauta, don haka duk sakacin da wani zai yi a Jamus ya sha, mu ba za mu sha ba.

Mataki na farko: zaɓen wuri, inda mafi yawan aiki ke lalacewa

Kafin ka sayi ko da leda ɗaya, ka tambayi shekarun ruwan da kake son aunawa. Kusan duk ɗalibin da ya zo mini da wannan magana, dam yake ambata: Kangimi a Igabi, ko Kubanni a Samaru. Duka biyun a shekarun 1970 aka gina su. Shiroro, a kan Kogin Kaduna cikin jihar Neja, sai 1990 ya fara aiki, Kainji kansa 1968 ne. Ruwan da bai taru ba sai bayan 1963 ba shi da shimfiɗar 1963, komai zurfin da ka haƙa. Za ka sami siziyom a lakarsa, domin ƙasar saman gonaki ta kawo shi, amma ba za ka ga tashi da saukar da kake nema ba.

Wannan bai sa dam ya zama marar amfani ba. A dam, ma'auninka shi ne gindinsa. Idan bututu ya ratsa laka mai laushi ya ci karo da tsohuwar ƙasar tudu, ja ko mai tsakuwa, da guntayen saiwoyi a cikinta, to ka iso ranar da aka datse ruwan. Duk abin da ke sama da wannan iyaka ya taru ne daga shekarar gini zuwa yau.

Mai neman shimfiɗar 1963 kuwa, sai ya nemi ruwan da ya girmi 'yancin kai: tsohon tafkin fadama, ko gurbin da kogi ya bari bayan ya sauya hanya, irin waɗanda ake samu a gefen Kogin Kaduna da Galma. Sannan ya tantance abu huɗu daga bakin dattawan wurin, domin taswira ba ta san su ba. Shin tafkin ya taɓa ƙafewa ƙurmus, musamman a farin 1973 da na 1984? Ana shayar da shanu a cikinsa har su shiga tsakiya? Masu tubali ko magina tukwane suna ɗiban laka? Ana yin su na gayya, inda jama'a ke shiga da homa su dama gindin ruwan? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana yamutsa adakar. Ka ƙara da gaiwa, wadda ke haƙa rami ta kwanta cikin laka idan ruwa ya janye, da tarwaɗa mai tonon gindi. Tafkin da ya fi dacewa shi ne mai zurfi, wanda tsakiyarsa ba ta taɓa ganin rana ba.

Kududdufan birnin Zariya suna da shekaru, wasu sun girmi zuwan Turawa, kuma sukan ja hankalin ɗalibai saboda kusa suke. Ni ba na ba da shawararsu ga mai farawa. Shara da ruwan kwata da yashewar da ake yi lokaci-lokaci sun rikita su.

Mataki na biyu: sallama

Ba a shiga ruwan mutane da bututu da guduma ba tare da sallama ba. Ka fara da mai unguwa ko dagaci, shi zai haɗa ka da sarkin ruwa. Idan dam ne, ka nemi izinin hukumar da ke kula da shi a rubuce, da takardar makarantarka. Ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka da harshen da ba zai tayar da hankali ba. Wani sarkin ruwa da na taɓa yi wa bayani ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam, wato guba ce a ruwan namu?" Na ce, "A'a Baba, shekarun lakar muke son sani, don a gane ko tafkin zai kai jikokinka." Ya ce, "In haka ne, tsakiya za ku je, gefen nan shanu sun gama da shi." Shi ya nuna mana wurin da muka sami mafi kyawun laka.

A wurinsu kuma za ka ji ko hanyar tana da lafiya a wannan makon. Duk wanda ke aikin daji a jihar nan ya san wannan tambaya ba ta wasa ba ce.

Mataki na uku: kayan aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kana buƙatar bututun roba na ruwa mai kauri, inci huɗu, tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, guda uku ko huɗu, da murafunsu. Ka auna faɗin cikinsa da kanka ka rubuta, kada ka dogara da abin da mai shago ya ce, domin duk lissafinka a kansa zai hau. Ka goge bakinsa na ƙasa da zarto ko magagari ya yi kaifi. A Panteka za a ƙera maka maɗauri na ƙarfe mai hannu biyu da zai rungumi bututun, da sandar turawa mai faifai a kai wanda ya yi daidai da cikin bututun. Sai guntun katako da guduma, salatif mai faɗi, igiya mai nauyi a baki don auna zurfin ruwa, faranti siriri na ƙarfe marar tsatsa don yanka, ledoji masu zif, alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, da littafi. Wayarka ta isa ɗaukar lambobin wuri. Rigar ceto da dogon takalmin roba dole ne. Tsargiya da nutsewa cikin taɓo sun fi siziyom ɗin da ke lakar haɗari nesa ba kusa ba.

Mataki na huɗu: zaro lakar

Lokacin da ya fi shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, ruwa ya lafa ya kwanta, da sassafe kafin iska ta taso. A ɗaure kwalekwale biyu gefe da gefe, a kafa gora a bangarori don kada su yi yawo. Ka auna zurfin ruwan a wurare da yawa ka nemo inda ya fi zurfi kuma gindinsa ya baje, nesa da inda rafi ke shigowa, domin can yashi ne ke zuba, kuma yashi ba ya riƙe siziyom.

Ka sauke bututun a tsaye cak, a hankali, kamar mai sa guga a rijiyar da ba ya son ta gurɓace. Da ya taɓa gindi, ka tura da nauyin jikinka. Sai ya ƙi tafiya ne za ka ɗora katako ka riƙa bugawa da sauƙi. Duka mai ƙarfi yakan danne lakar ta takure. Idan ya tsaya, kafin ka zaro, ka auna abu biyu: nisan da bututun ya shiga daga waje, da tsawon lakar da ke ciki. Idan ya shiga santimita 90 amma laka 75 ce a ciki, ka rubuta, za ka buƙace shi wurin lissafi. Sannan ka cika saman da ruwa har baki, ka rufe da murfi ka naɗe da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Wannan rufin ne ke riƙe lakar idan ana ja. Ku juya bututun kaɗan, ku ja sama a hankali, mutum ɗaya kuma ya sa hannu cikin ruwa ya toshe gindin tun bai fito ba.

Ka duba ruwan da ke kwance a saman lakar. Idan garau yake, ka ci nasara. Idan ya yi kama da kunu, saman ya hautsine, sai a sake.

Daga nan bututun ba zai ƙara kwanciya ba har a yanka shi. Na taɓa asarar aikin yini guda a kan wannan. Mun zaro laka mai kyau, muka jingina ta a bayan mota, hanya ta yi gargada, bututun ya kwanta. Da muka buɗe, santimita ashirin na sama sun narke sun zama abu ɗaya, tarihin shekaru masu yawa ya tafi. Tun daga ranar a bakin ruwa nake yanka. Ana zuƙe ruwan sama da siririn tiyo, a cire murfin gindi, a ɗora bututun a kan sandar turawa, a riƙa jan sa ƙasa lakar tana ɓullowa ta sama. Duk santimita biyu a yanke da faranti, a kankare gefen da ya gogi bango a zubar, domin ya kwaso lakar sama, a sa sauran a leda, a rubuta wuri da zurfi da kwanan wata. A wanke faranti bayan kowane yanka. Littattafan ƙasashen waje za su ce maka santimita ɗaya ko rabi. A wajenmu, inda alamar ba ta da ƙarfi, yanka siriri ba ya ba da nauyin da na'ura za ta gani, shi ya sa na fi son bututu mai faɗi da yanka mai kauri.

Ka rubuta duk abin da idonka ya gani: inda launi ya sauya, inda yashi ya ratsa, inda ka ga gawayi ko ɓawon katantanwa. Ratsin yashi a tsakiyar baƙar laka sau da yawa ambaliya ce, kuma dattawa za su iya gaya maka shekararta. Ka zaro aƙalla bututu uku. Ɗaya labari ne, uku shaida ce.

Mataki na biyar: ƙasar gona

Nan dabarar ta bambanta. Kwatanci ake yi tsakanin gonar da ake zargin ta zaizaye da wani wurin da bai yi asara ba bai kuma sami ƙari ba tun shekarun 1950. Samun wannan wuri na biyu shi ne wahalar. Ana son shimfiɗaɗɗen tudu mai ciyawa ko itatuwa, wanda ba a taɓa nomawa ba, ba a kan gangare ba, ba a cikin kwari ba, kuma kusa da gonar yadda ruwan samansu ɗaya ne. Tsohon gandun daji, ko kurmin da gari ke girmamawa idan an ba ka izini, ko wani lungu na tsohuwar harabar makaranta da ba a taɓa gini ko share shi da katafila ba. Maƙabarta kada ma ka kawo ta a rai.

Ka nisanci suri da taki goma ko fiye. Gara tana ɗauko ƙasar can ƙasa, wadda ba ta da siziyom, ta ɗora a sama, kuma wannan yana cikin manyan abubuwan da ke rikita awo a yankinmu. Saboda ita ne ma nake cewa kada a yi ƙasa da rami goma sha biyu a wurin kwatanci, ashirin ya fi. Ɗaya daga ciki a yanka shi santimita biyar-biyar don a ga inda siziyom ya ƙare. Sauran a ɗebe su a dunƙule, a wuce wannan zurfin kaɗan, galibi santimita 30 zuwa 40. Nan bututun ƙarfe ake amfani da shi, kuma ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ne lokacinsa, bayan an cire amfani, ƙasa da sauran danshi. Wanda ya bari sai Maris zai iske ta kamar dutse.

A gonar, ka ja layi daga kan tudu zuwa gindin gangare, ka ɗiba duk bayan taki ashirin ko talatin. Manomanmu kunya suke yi, kuma kowace shekara huɗa tana mayar da kunya kwari, kwari kunya. Don haka a kowane wuri ka ɗebi ɗaya a kan kunya ɗaya a kwarinta ka ɗauki matsakaici. Ka tambayi mai gonar zurfin da garmarsa ke shiga, ta shanu ce ko tarakta, da ko yana kawo takin shara daga gari, domin wannan ƙarin ƙasa ne daga wani wuri.

Mataki na shida: busarwa

A auna nauyin kowane samfuri yana ɗanye, a busar a tanda ta ɗakin gwaji har nauyinsa ya daina raguwa, a sake aunawa. Idan babu tanda, a busar a cikin ɗaki a rufe. Kada a shanya a tsakar gida cikin hazo, domin ƙurar hunturu ita kanta ƙasar wani wuri ce, tana tafe da nata siziyom. A daka a hankali, a tankaɗe da rariya mai ido milimita biyu, a auna gari daban tsakuwa daban. A zuba garin a gwangwanayen roba iri ɗaya, cika ɗaya. Idan za a auna darma-210 tare, wato wani nau'in darma mai tururi da shi ma ake gane shekarun laka da shi, kuma ina ba da shawarar haka ga laka, sai a liƙe murfin sosai a ajiye mako uku zuwa huɗu kafin awo, don iskar radon da ke ciki ta daidaita.

Mataki na bakwai: ɗakin gwaji

Siziyom-137 yana fitar da hasken gamma a ƙarfin 662 keV, wannan ne sa-hannunsa. Na'urar da ke iya ware shi da kyau ita ce mai ƙwayar jamaniyom tsantsa, wadda ake sanyaya ta da ruwan naitirojin, a kewaye ta da garkuwar darma. Akwai wata mai araha da ta fi yawa a jami'o'inmu, ta sodiyom ayodaid. Tana da kyau wajen auna fotashiyom da yuraniyom da toriyom na ƙasa, amma a wannan aiki ba ta isa ba: akwai hasken bismut-214 na halitta a 609 keV, kuma a idonta su biyun sukan haɗe, sai ta ba ka lambar da ba ta siziyom ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mu a jihar nan mun yi dace, wurin fara tambaya yana Zariya: Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka fi sani da CERT, inda tukunyar nukiliyar bincike ta Najeriya take aiki tun 2004. Ko can ko wani wuri za ka kai, ka je ka zauna da su tun kafin ka shiga ruwa. Ka tambayi nauyi da siffar gwangwanin da suke so, da tsawon lokacin da za su ba kowane samfuri, da mafi ƙarancin abin da na'urarsu ke iya gani, da ko suna daidaita ta da ƙasar gwaji ta Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana. Samfuri irin namu yakan ci yini ɗaya cur a kan na'ura, wani lokaci biyu. Yanka arba'in ke nan ya fi wata guda, kuma wuta da naitirojin kuɗi ne. Dabarar rage tsada ita ce a fara auna kowane yanka na uku, idan an ga inda lamba ta fara tashi sai a cike tsakanin.

Ka dage a ba ka kowace lamba tare da iyakar kuskurenta. Idan an rubuta maka ba a gani ba, ma'anarsa abin ya gaza ƙarfin idon na'urar, ba wai babu shi ba ne.

Mataki na takwas: karanta sakamako

Za a ba ka lambobi da bekarel, ma'aunin yawan tururin da samfuri ke fitarwa, a kowane kilo. Ga laka, ka zana su bisa zurfi. A tafkin da bai yamutse ba, can ƙasa babu komai, sai siziyom ya ɓullo, wajen 1954 ke nan, ya hau ya kai ƙololuwa, 1963, sannan ya sauko a hankali zuwa sama. A Turai sukan ga tudu na biyu na hatsarin tashar nukiliya ta Chanobil na Afrilun 1986, kada ka sa rai da shi a nan. Ga misali da lambobin da na ƙaga don koyarwa: ka zaro a 2025, ƙololuwa tana santimita 31. Shekara 62 ke nan, rabin santimita a shekara. Tafkin da saura mita ɗaya da rabi ya cike yana da kimanin shekara 300 idan abin bai sauya ba, amma idan ƙololuwar tana santimita 124 ne, santimita biyu a shekara, shekara 75 ya rage masa. Da yake lakar ƙasa ta fi ta sama dannuwa, lissafin da ya fi inganci shi ne da busasshen nauyi: ka tara nauyin duk yankan da ke sama da ƙololuwa, ka raba da girman bakin bututu a murabba'in mita, ka raba da shekaru.

Ka gwada wannan da darma-210, wadda ke saukowa daga iska kowace shekara ta halitta, tana raguwa da rabi duk shekara 22. Idan ma'aunan biyu sun yarda da juna, ka tsaya da ƙafarka. Idan zanen siziyom ya zo a miƙe daga sama har ƙasa babu tudu, lakar ta damu ne. Ka rubuta haka a rahotonka, kada ka zaɓi wani ɗan ƙullutu ka laƙaba masa 1963.

Ga gona, ana mayar da lambar zuwa bekarel a murabba'in mita. Wani misalin koyarwa: bututu mai faɗin santimita 10 bakinsa murabba'in mita 0.00785 ne. A wurin kwatanci ka sami garin ƙasa kilo 3.3 mai bekarel 1 a kilo, ka raba 3.3 da 0.00785, ya ba ka 420. A tsakiyar gangaren gona ka sami 294, wato kashi 30 cikin ɗari ya tafi. Idan garma na shiga santimita 15, kuma mita ɗaya kubik na ƙasar yana da kilo 1,400, ƙasar noma a hekta ɗaya tan 2,100 ce. Kashi 30 nata tan 630, a raba da shekara 62, kusan tan 10 a hekta kowace shekara. Wannan shi ne lissafi mafi sauƙi, kuma ƙiyasi ne: ruwa ya fi kwasar yumɓu ya bar yashi, hazo kuma yana mayar da wani abu. Amma ya isa ya nuna maka wane sashe na gonar ke zubar da ƙasa, wane ke tara ta, domin a gindin gangare za ka ga lambar ta haura 420. Manomi ya san gonarsa tana sarewa, ya ga burji yana fitowa inda kakansa ya noma dawa. Abin da awon ke ƙara masa shi ne inda zai fara jera duwatsu ko dasa jema.

Tambayoyi biyu da za a yi maka

Ta farko, na Faransa ne? Siziyom ba ya ɗauke da tutar ƙasa, na Raggan da na Bikini iri ɗaya ne a idon na'ura. Bam ɗin Sobiyet na Oktoban 1961 shi kaɗai ya ninka na farkon Faransa fiye da sau 700. Abin da ke bambance su shi ne fulutoniyom, sinadarin da ake haɗa bam da shi: a ƙurar da ta game duniya, ƙwayoyin fulutoniyom-240 sukan kai kimanin 18 a kan kowane 100 na fulutoniyom-239, na gwajin Sahara kuwa ya yi ƙasa da haka sosai. Da masana suka auna ƙurar Sahara da ta rufe yammacin Turai a Maris 2022, sa-hannun gwajin Amurka da Sobiyet suka gani. Wannan bai wanke Faransa daga abin da ta yi wa mutanen kudancin Aljeriya ba, waɗanda har yanzu suke neman a share musu wuraren. Amma kai da ke riƙe da lambar siziyom kaɗai ba ka da hujjar ambaton sunan kowa. Awon fulutoniyom yana buƙatar wata na'urar auna nauyin ƙwayoyi, yawanci ta hanyar haɗin gwiwa da jami'ar waje, kuma giram kaɗan ya ishe ta.

Ta biyu ita ce ta sarkin ruwa, wato ko akwai guba a ruwan, kuma ita ta fi muhimmanci. Kwamitin kimiyya na Majalisar Ɗinkin Duniya kan illar tururin nukiliya ya ƙiyasta a rahotonsa na 2008 cewa matsakaicin tururin da mutum ke samu daga halitta, wato ƙasa da duwatsu da iska da abinci, milisibat 2.4 ne a shekara. Milisibat ma'aunin tururin da jiki ke sha ne. Na ƙurar gwaji, a 1963 da ta fi yawa, ya kai kimanin 0.11, yanzu kuwa wajen 0.005. Ƙasar gona ta yau da kullum tana ɗauke da ɗaruruwan bekarel na fotashiyom-40 na halitta a kowane kilo. Kifin tafkin halal ne lafiyayye ta wannan fuska, masarar gonar ma haka. Idan har wani samfuri ya ba da lambar da ta yi wa sauran nisa ƙwarai, a sake auna shi, in ya tabbata a sanar da Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, domin wannan ba daga ƙurar 1963 yake ba.

Awon gamma ba ya cinye samfuri, don haka idan an gama ka karɓo gwangwanayenka. Ka ajiye su a busasshen wuri, kowane da lambarsa a jiki da wata a takarda a ciki, kwafin littafinka kuma a hannun sashen da ka yi karatu. Siziyom ɗin da ke ciki zai sake rabewa nan da 2053, amma fulutoniyom-239 sai ya yi shekara 24,000 kafin ya ragu da rabi, kuma wanda zai zo da na'urar aunarsa zai buƙaci lakar da aka yanka da kyau. Sannan ka buga zanen sakamakon a takarda ɗaya da Hausa, ka ɗauki goro, ka koma wurin dagaci da sarkin ruwa ka nuna musu santimita nawa tafkinsu ke cikewa a shekara.